Shafin Rumawa da Murjanatu Ta Liƙe

Awa biyu cur Murjanatu ta yi a tsaye gaban kantar littattafan yara, a wani shago da ke cikin babban rukunin shagunan Port Saeed a Dubai, har ma'aikaciyar wurin, wata 'yar Filifin mai gajeren gashi, ta gaji da zuwa tana tambaya ko madam na buƙatar taimako. Madam ba taimako take buƙata ba. Littafin tarihin Rumawa take nema, wanda yarinya 'yar shekara sha ɗaya za ta karanta ba tare da idonta ya faɗa kan abin da bai kamata ba, kuma wallahi ka rantse masu rubuta littattafan nan haɗa baki suka yi don kada ta samu.

Na 'yan shekara bakwai zuwa tara duk zanen barkwanci ne, soja mai ƙaton hanci, jaki na dariya, rubutu layi biyu a shafi. In ta kai wannan gida, yarinyar za ta cinye shi kafin a sauke tukunyar shayi, ta ɗago ta yi mata kallon nan na an raina ni. Na 'yan sha biyu zuwa sama kuwa, innalillahi! Kana buɗewa sai ga ƙato tsirara haihuwar uwarsa, an sassaƙa shi da dutse, ya wani dogare ƙugu ko kunya babu. Mutanen da suka iya gina gadar da ta shekara dubu biyu a tsaye, amma sun kasa ɗinka wa gunki wando! Ka juya gaba, sarki ya sa wa ɗan'uwansa guba. Ka ƙara juyawa, uwa ta kashe miji don ɗanta ya hau mulki, ɗan kuma ya waiwayo ya gama da ita. Murjanatu ta rufe, ta yi tsaki, ta mayar da shi inda ta ɗauko.

"Umma, ɗauke ni," in ji Nuriyya, autarta 'yar shekara uku, tana jan gefen abayarta.

Ta sunkuya ta ɗauke ta, ta sumbaci kumatunta, ta saɓa ta a kafaɗa, ta ci gaba da bincike da hannu ɗaya.

To, me ya yi zafi a kan littafi ɗaya? Bari ka ji. Ba Nuriyya ake nema wa littafin ba, yayarta ake nema wa, Muhsinat, 'yar fari. Ranar sunan Muhsinat a Kano, Hajiya Hadijatu, yayar mijin Murjanatu, wadda ta haifi maza huɗu ba mace ko ɗaya, ta karɓi jaririyar ta ce, "Wannan tawa ce, da an yaye ta zan zo in ɗauki abata." Kowa ya ce Allah ya raya mata. Kafin yaye sai mijin, Ɗalhatu, ya samu aiki a wani kamfanin kaya a Jebel Ali, suka tattara suka dawo Dubai, maganar ta kwanta. Kwanciya ta yi fa, ba mutuwa ba.

Abin da ya tashe ta shi ne karatun gida. Muhsinat tana da i'ina. A makarantar da aka sa ta, yara suka mayar da ita abin kwaikwayo, har ta daina buɗe baki gaba ɗaya, ta dawo gida kullum da abincinta a jaka ba ta taɓa ba. Murjanatu, wadda ta koyar a firamare shekara biyar kafin ta baro Kano, ta cire ta, ta yi mata rajista da wata makarantar intanet, sauran karatun ta ɗora wa kanta a teburin falo. Labari ya kai Kano. Hajiya ta bugo waya ta ce ta ji an kulle mata 'ya a bene hawa na tara kamar kazar gidan gona. Ta ce nan da sati uku za ta shigo sarin kaya, za ta ga karatun da idonta, in bai gamshe ta ba ƙafarta ƙafar yarinyar.

Za ka ce ai sai uwa ta ce a'a, magana ta ƙare. Ba ka san Murjanatu ba ke nan. 'Yar Yakasai ce, ta tashi a gidan da aka riƙe alkunya da hannu biyu. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta yabonsa, in ya faɗi ya fasa baki a gaban mutane sai ta kawar da kai ta jira wani ya ɗaga shi. Shekara sha ɗaya bakin Murjanatu bai taɓa furta sunan yarinyar nan ba. "Ke" ce, ko "yarinyar nan." In a asibiti aka tambaya, sai ta miƙa katin shaida su karanta da kansu. Mijin ma Baban Nuriyya take ce masa, don kada sunan ya biyo ta bakinta. Amma son da take yi wa yarinyar, Allah kaɗai ya san iyakarsa. In ta tuna za a iya raba su, numfashinta har sarƙewa yake yi. Tunda bakinta ba zai iya cewa a bar mata 'yarta ba, sai ta ƙudura karatun ne zai faɗa a madadinta. Kuma a duk karatun babu inda yarinyar take haskawa irin tarihin Rumawa. In tana ba da labarinsu, i'inar nan ɗif take ɗaukewa, ka ce ba ita ba.

Daga ƙarshe ta samu wani mai koren bango, na 'yan shekara goma zuwa sha uku. Yawancinsa hanyoyi ne da gadojin ruwa da yadda soja yake kafa sansani da abin da talaka yake ci. Ta bi shi shafi-shafi a tsaye, ta ƙirga wurare shida da ba su yi mata ba. Shida da sauƙi. Ta haɗa da gam da baƙar maka ta zane, ta biya, ta hau jirgin ƙasa na metro ta koma gida.

Da la'asar, lokacin da Muhsinat take ɗaki tana ba malaminta hadda ta waya, Murjanatu ta zauna a kicin ta fara aikin tela. Gunki na farko ta zana masa wando har idon sawu. Na biyu ta yi masa jallabiya. Wata mata da aka sassaƙa da tulu a kafaɗa ta samu zani da riga, har da ɗankwali, don ba a yin abu rabi. Shafin filin da ake haɗa mutane da zakuna ta liƙe shi da na kusa da shi. Sai ta zo shafi na arba'in da uku.

Nan babu tsiraici, babu jini. Zane ne kawai na jariri an shimfiɗe shi a ƙasa kan ɗan ƙyalle, gaban wani mutum mai farin mayafi, mata sun yi cirko-cirko a baya suna kallo. Littafin ya ce wai a wurin Rumawa, in an haifi yaro sai a ajiye shi a ƙasa, daidai ƙafafun uban. In ya sunkuya ya ɗaga shi, ya zama ɗan gida. In ya juya baya, shi ke nan, sai a fitar da shi waje, duk mai so ya ɗauka. Tsigar jikin Murjanatu ta tashi. Kai, waɗannan mutane ba su da imani! Yaro yana kwance a gabanka ka tsallake shi? Wannan ko babba ya karanta sai ya kasa cin abinci, balle yarinya mai saka abu a rai. Ta shafa gam a gefe huɗu har da tsakiya, ta haɗe shafin da na arba'in da biyu da ke fuskantarsa, ta ɗora turmin daka yaji a kai ya danne.

Washegari da safe suna zaune a teburin falo, Muhsinat ta ɗago kai daga littafin. Siririya ce, doguwa, mai manyan idanu irin na uwar.

"U-Umma, daga arba'in da ɗaya ya tsallaka arba'in da huɗu."

"Abin da ke wurin ba na yara ba ne. Wuce gaba."

"To."

Ba ta ƙara tambaya ba. Yarinyar ba ta da musu, shi ya sa ma ba ka gane abin da ke cikinta.

Ranar Lahadi, da yake ita ce ranar da ake ganin Ɗalhatu da rana a gidan, Murjanatu ta kawo masa kunun gyaɗa, ta zauna a hannun kujera, ta yi ta kewaye-kewaye kafin ta iso inda za ta.

"Baban Nuriyya, maganar zuwan Yaya Hajiya fa?"

"Me ya faru da ita?"

"Ka san abin da nake nufi."

Ya ajiye kofin. "Murja, Yaya ba ƙwace za ta yi ba. Na san halinta, ba ta ɗaukar abu sai ta tambaya. Za ta tambaye ki. Ki ce a'a, khalas, shi ke nan."

"Ni? Da bakin nawa? In dubi yayarka in ce ba zan iya rabuwa da 'yar fari ba? So kake a yi da ni a Kano har jikokina? Kai ne uba, kai za ka faɗa."

"Matar da ta goya ni bayan rasuwar Inna, ita zan kalli tsabar idonta in hana ta 'ya? Haba Murja. Ke in kin faɗa za ta ce zafin haihuwa ne. Ni in na faɗa butulci ne."

Haka suka yi ta tura wa juna maganar kamar garwashi a tafin hannu, har kunun ya huce. Ba wanda ya ɗauka.

Ita fa Murjanatu ba ta ganin yarinyar na cikin duhu game da ita. Ai ita ma 'yar fari ce, ita ma riƙo aka ba da ita tana shekara bakwai. Ranar da goggonta ta zo tafiya da ita Gwammaja, innarta tana bakin turmi tana daka, ko waiwayowa ba ta yi ba. Sai bayan rasuwarta, da aka buɗe akwatinta, aka tarar da ɗan takalmin robar Murjanatu na yarinta a naɗe cikin ƙyalle a can ƙasa. To, a ganinta haka abin yake: uwa ba ta faɗa, 'ya kuma ta sani. Abin da ta manta shi ne ita a Yakasai ta tashi, inda kowace 'yar fari a layin "ke" ce, ba wadda ta fi wata. Muhsinat kuwa a unguwar Deira ta Dubai ta buɗe ido, inda kullum a cikin lif take ganin maƙwabciyarsu Balarabiya tana rungume ƙaton ɗanta mai gashin baki tana ce masa habibi. Wa ya taɓa zaunar da ita ya yi mata bayani? Babu.

Sati ukun nan sun yi karatu kamar ba gobe. Suka bi hanyoyin Rumawa a taswira da yatsa. Suka haddace yadda ake shimfiɗa titi, manyan duwatsu a ƙasa, tsakuwa a kai, sannan fale-falen dutse, tsakiya ta ɗan tasa don ruwa ya gangare. Ɗalhatu ya kawo musu kwalaye daga wurin aiki, suka yanka suka gina gadar ruwa daga bakin tebur har ƙofar baranda, suka shimfiɗa tiyo a samanta. Sau huɗu tana rushewa. A na biyar, Muhsinat ta tsiyaya ruwa daga buta, ruwan ya bi a hankali, ya bi, ya bi, har ya ɗiga cikin kofin da ke can ƙarshe. Yarinyar ta daka tsalle, ta juyo ta dubi uwar, fuskar nan kamar an kunna fitila. Murjanatu ta ji kamar ta jawo ta ta matse a ƙirji.

"Kin jiƙa min kafet," ta ce. "Ɗauko tsumma."

Hajiya Hadijatu ta zo ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, daga otal ɗinta na cikin kasuwar Deira, tana ƙamshin turaren wuta, da leda cike da kilishi da daddawa da kuka. Kada ka zaci wata muguwa ce. Mace ce mai jiki, mai fara'a, mai dariya da dukan cikinta. Tun daga bakin ƙofa ta ware hannu.

"Ina Muhsinatu ta Goggo? Zo nan, 'yar albarka! Kai, masha Allah, ji tsawo! Muhsinatu, Muhsinatu!"

Sau uku a numfashi ɗaya. Murjanatu tana kallon yadda yarinyar ta lafe a jikin matar, ta lumshe ido. Ta ji wani abu ya soke ta, ta wuce kicin ta ce miya za ta duba.

Bayan an ci tuwon shinkafa an sha zoɓo, Hajiya ta gyara zama a kan kujera ta ce, "To yalla, a zo a nuna min karatun da ake ta ɓoye min 'ya a kansa."

Muhsinat ta fara da hadda, ta kawo shafi biyu ba gyara. Ta yi lissafi a allo. Sannan aka zo kan Rumawa. Nan fa yarinya ta miƙe tsaye, ta manta da kowa. Ta faɗi yadda suke jawo ruwa daga duwatsu, tafiyar kwana da kwanaki, ba inji ba famfo, gangara kawai. Ta faɗi abin da soja yake ɗauka a baya, da yadda gari ɗaya ya haɗiye ƙasashe har ya kasa riƙe su. Ta tsiyaya ruwa a gadar kwalinta, ya ɗiga a kofi. Ko sau ɗaya harshenta bai sarƙe ba. Ɗalhatu ya saki baki, don shi ma bai taɓa ji ba.

Hajiya ta karɓi koren littafin tana juyawa. Da ta zo kan gunki mai wando sai ta tsaya, ta matso da shi kusa da ido, ta fashe da dariya har da hawaye.

"Murja! Ashe tela muka aura ba mu sani ba! Wayyo cikina. Ji jallabiya!" Ta taɓa shafukan da aka liƙe, ta gyaɗa kai. "Wannan ita ce tarbiyya. Allah ya yi miki albarka."

Murjanatu ta sunkuyar da kai. A ranta ta ce alhamdulillahi, an wuce wurin. Wahalar sati uku ba ta faɗi ƙasa banza ba.

Ashe garin neman gira za a rasa ido. Hajiya ta share hawayen dariya, ta rufe littafin, muryarta ta sauya.

"Wallahi ba zan ɓoye miki ba, aibu na zo nema, ban samu ba. Amma ki duba, Murja. Yarinya mai wannan kwanya, a ce ba ta da ƙawa ko ɗaya? Daga ke sai bango? Akwai makarantar 'yan mata a bayan gidana, shugabar aminiyata ce, ba mai yi mata dariya ina raye. Ga dangi, ga biki, ga suna, ta san mutanenta. Ni kuma tun da Mijinyawa, autana, ya yi aure, gidan ya yi min faɗi, ni kaɗai nake yawo a ciki." Ta dubi Murjanatu. "Amma ban zo ƙwace ba. Ke kika sha wahalarta. In kin ce a bar miki ita, na rantse da Allah na bar ta, kuma ba zan riƙe ki a zuciya ba. Me kika ce?"

Ka ji fa. Ƙofa a buɗe, ba ko sakata. Kalma ɗaya ake nema, kuma an ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Murjanatu ta saci kallon Ɗalhatu. Ɗalhatu ya ga wani abu mai muhimmanci a wayarsa.

Sai Muhsinat ta yi wani abu da ba ta taɓa yi ba. Ta tako ta tsallake gadar kwalin, ta zo gaban kujerar uwar, ta zauna a ƙasa daidai ƙafafunta, har gwiwarta na taɓa yatsun Murjanatu. Ta naɗe hannuwa a cinya, ta ɗaga kai ta zuba mata ido.

Kunya ta lulluɓe Murjanatu tun daga kai har ƙafa. Me ke damun yarinyar nan? Yanzu ai sai Hajiya ta ce ita ta kitsa mata, ta ce zo ki manne min a gaban goggonki. Ƙatuwar budurwa ta zo ta zauna wa mutum a ƙafa, a gaban surukai! Daidai nan Nuriyya ta taso daga barci, ta shigo tana murza ido, ta raɓa ta gefen yayarta ta ɗaga hannuwa.

"Umma, ɗauke ni."

Murjanatu ta ji kamar an miƙo mata igiya a rijiya. Ta sunkuya. Ta ga kafaɗun Muhsinat sun ɗan ɗago, ba ta kawo komai a ranta ba. Ta ɗauki Nuriyya ta ɗora a cinya, ta ɓoye fuskarta a bayan kan yarinyar.

"Haba Yaya," ta ce, "ni a wa? Ai taku ce. Ni ajiya aka ba ni."

"Har zuciyarki?"

"Har zuciyata."

Hajiya ta san amsar alkunya ce, ai ita ma 'yar gida ce, da wannan nonon aka shayar da ita. Amma mai son abu ba ya tona amsar da ta yi masa daɗi. Ta ɗaga hannu ta yi ta zuba addu'a, Ɗalhatu yana amin, amin, har yanzu idonsa a waya. Muhsinat tana nan zaune a inda take.

"Ke," in ji Murjanatu, "tashi ki kwashe kwanukan nan."

Ta tashi ta kwashe.

Kwana tara Hajiya ta yi tana sari, kayanta suna yin gaba ta jirgin dakon kaya. A cikinsu Ɗalhatu ya yanki tikiti, ya kai fasfo aka soke bizar zaman yarinyar. Kullum Murjanatu tana cewa yau zan yi magana, kullum rana na faɗuwa ba ta yi ba. Me za ta ce? Ta ce ƙarya ta yi da ta ce har zuciyarta? Maimakon haka sai ta koma shagon nan na Port Saeed, ta sayo babban littafin, na 'yan sha biyu zuwa sama, wanda da ta ƙi. Ai yarinyar za ta cika sha biyu a can, ba mai zaɓa mata. Yini biyu ta yi tana ɗinka wa gumakansa sutura, hawaye na ɗiga a kan tawadar tana gogewa da gefen zani. Ta haɗa shi da koren, ta sa su a can ƙasan akwatin, ƙarƙashin kayan sawa. A ranta ta ce in ta buɗe ta gani za ta gane.

Muhsinat kuwa i'inarta ta dawo fiye da da. Gadar kwalin da kanta ta ninke ta kai wurin shara.

Ranar tafiya jirgin na azahar ne. Da ƙarfe goma Hajiya ta iso da tasi, Ɗalhatu ya sauka da akwati. Murjanatu ta shige kicin, ta zuba tattasai da albasa a blanda, ta kunna, alhali ba miyar da za ta yi. Ta cikin ƙarar ta ji motsi a bakin ƙofa.

"U-U-Umma. M-mun tafi."

Ba ta waiwaya ba. In ta waiwaya ta san abin da zai faru, kuma Hajiya tana tsaye a falo.

"To. Ki yi wa Goggonki biyayya. Allah ya tsare hanya."

Aka rufe ƙofa. Ta bar blandar tana ta yi har tattasan ya zama ruwa.

Sai wajen sha biyu ta iya shiga ɗakin yarinyar. An gyara gado tsaf, an ninke bargo. A kan matashin kai ga littattafai biyu, babban a ƙasa, koren a sama. Ta ɗauki koren, sai ya buɗe da kansa a wurin da aka fi buɗe shi.

Shafi na arba'in da uku. An ɓamɓare shi a hankali, takardar ta yamutse irin ta abin da aka kara a tururin buta. Ba jiya aka yi ba kuwa, don gefen har ya yi laushi da yawan taɓawa. Ga jaririn nan a ƙasa kan ƙyallensa. An ja layi da fensir a ƙarƙashin inda aka ce in ya sunkuya ya ɗaga shi. Mutumin mai farin mayafi kuma ba namiji ba ne yanzu. An ɗauki baƙar makar nan an ɗaura masa ɗankwali, an karkato da ɗaurin gefen hagu, yadda Murjanatu take ɗaura nata.

Ta zauna a bakin gadon, ranar Juma'ar nan ta dawo mata. Ta ga yarinyar ta tsallako gadar kwali. Ta ga gwiwa a kan yatsunta. Ta ga kafaɗun nan da suka ɗago lokacin da ta sunkuya. Wayyo Allah! Ashe tambaya aka yi mata, ta ba da amsa ba ta sani ba.

Ta ɗauki waya ta kira Ɗalhatu.

"Sun shige ciki tun ɗazu, Murja, ni ina hanyar Jebel Ali. Me kuma? Bizar ma an soke, kin sani. Ki yi haƙuri, in sha Allah da babbar sallah ma je."

Ta katse, ta kira Hajiya. Ta ɗauka cikin hayaniya, ana ta sanarwa a lasifika.

"Murja, har kin fara kewa? Ga ta nan, yi sauri, an fara kiran layinmu."

Aka miƙa wayar. Murjanatu tana jin numfashin 'yarta a kunnenta. Ta buɗe baki. Maganar tana nan, sunan yana nan a kan harshe, amma shekara sha ɗaya ta danne shi, kuma ta san Hajiya na tsaye a gefe tana ji.

"Ke," ta ce. "Kin manta littattafanki."

Sai muryar ta zo, a hankali, ba sarƙewa ko kaɗan.

"Ban manta ba."

Hajiya ta karɓi wayar ta ce sai sun sauka, ta kashe.

Murjanatu ta daɗe a zaune da littafin a cinya. Can ƙasa motoci na ta wucewa, an fara kiran sallar azahar a masallacin bayan layi. Ta dubi gadon da aka gyara, ta dubi ƙugiyar da babu hijabi a kanta. Sai ta gwada, a hankali, kamar mai taɓa ruwan zafi.

"Muhsinat."

Sunan ya fito da sauƙi. Abin da ya fi ƙona mata rai ke nan, ashe ba wuya. Ta sake faɗa, da ƙarfi wannan karon, har ya fita falo.

Nuriyya ta leƙo daga bakin ƙofa da 'yar tsanarta a hannu, tana mamakin wanda ake kira.

"Yaya ba ta nan," ta ce. Ta tako ta tsaya a gaban uwar, ta ɗaga hannuwa. "Umma, ɗauke ni."